Cocin Fatake: Daga Zangon Kwatano zuwa Ƙauyukan Chikun

Tsakanin babban masallacin Zango da cocin Saint-Michel a birnin Kwatano na Jamhuriyar Benin tafiyar ƙafa ce, ba sai an hau zemijan, wato acaba, ba. A ɗan tsakanin nan akwai 'yan canjin Jonquet, akwai masu tsire da masu shayi, akwai motocin haya masu ɗibar fasinja zuwa Legas da Lome da arewa, Hausa kuma na tashi ta ko'ina, gauraye da Zabarmanci da Yarbanci da harshen Fon. Masallacin sananne ne. Cocin ma sananne ne, na Katolika, da sunansa ake kiran unguwar da babban titin da ya ratsa ta. Amma akwai wani irin coci da bai da hasumiya, bai da titi mai sunansa, wanda a yawancin wurare ya fara daga shagon wani ɗan kasuwa ko ƙarƙashin wata bishiya a ƙauye. Shi ne ƙaramin cocin Baptis. Na ɗauko tarihinsa daga Zango ne domin ina ganin ɗan Zango zai fi kowa saurin gane shi, ko da bai taɓa leƙa ƙofar coci ba.

Dalili kuwa shi ne ɗan Zango ya san yadda baƙo ke kafa wurin ibada. Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano da Sakkwato, suka ƙetare kogin Kwara, suka ratsa Nikki da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja, babu sarkin da ya aiko su su gina masallatai. Madugu ya sauke ayari, mai masauki ya ba da ɗaki, wanda ya fi karatu ya ja salla, aka kewaye fili da duwatsu, bayan shekaru aka ɗora jinka, bayan wasu shekarun aka ɗora kwano. Da Faransawa suka ƙwace gaɓar teku, suka ɗauki sojojin Hausa a yaƙin da suka yi da Sarki Behanzin na Dahomey a 1892, suka fara shimfiɗa layin dogo daga Kwatano a 1900 har ya isa Paraku a 1936, sai kasuwa ta karkato kudu, Zangon Kwatano ya cika da mutanen arewa. Cocin Baptis a Afirka ta Yamma kusan haka ya yaɗu, sai dai nasa fataken Yarabawa ne, kuma su arewa suka nufa lokacin da namu ke gangarowa kudu.

Asalin ɗarikar a Turai yake. A 1609 wani Bature ɗan Ingila mai suna John Smyth, yana gudun hijira a Amsterdam, ya tsaya a kan cewa ba a yi wa jariri baftisma, sai wanda ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Abokinsa Thomas Helwys ya koma Landan ya kafa ikilisiya, a 1612 ya fitar da littafi yana gaya wa Sarki James cewa sarki ba shi da iko a kan abin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, kuma ya ambaci Musulmi da Yahudawa cikin waɗanda bai kamata a hukunta su saboda addininsu ba. Aka jefa shi kurkuku, a can ya mutu. Wannan magana ta cancanci a riƙa tunawa da ita a garuruwanmu. Akwai kuma wadda ba ta da daɗi, ita ma dole a faɗe ta: ƙungiyar Baptis ta kudancin ƙasar Amurka, wadda ta aiko 'yan mishan zuwa yankinmu, an kafa ta ne a 1845 a garin Augusta na jihar Jojiya bayan rabuwa da 'yan'uwansu na arewa a kan ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Su suka ce zai iya. Sai a 1995 ƙungiyar ta fito fili ta nemi gafara.

Mutumin farko da suka aiko ƙasar Yarabawa, Thomas Jefferson Bowen, ya sauka Badagry a watan Agusta na 1850. Ba gaɓar teku yake so ba. Zuciyarsa na can cikin ƙasa, wajen Kwara da ƙasar Hausa. Ya gwada bi ta Ketu, garin Yarabawa da ke cikin Jamhuriyar Benin a yau, zama bai yiwu ba, ya koma Abeokuta. Yana can a watan Maris na 1851 lokacin da Sarki Gezo na Dahomey ya kawo wa garin yaƙi, kuma da yake tsohon soja ne ya tsaya tare da masu kare ganuwa. Daga baya ya zauna Ijaye, ya wuce Ogbomosho a 1855. A shekarar ce ya shiga Ilori. Sarkin ya karɓe shi da mutunci, aka saurare shi, amma aka hana shi zama. Nan tafiyarsa arewa ta tsaya. Ya bar ƙasar a 1856 da rashin lafiya, ya rubuta nahawu da ƙamus na Yarbanci, ya ɗan gwada wa'azi a Barazil, ya rasu a 1875 ba tare da ya ga Kano ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi muhimmanci a wurina. Yaƙi ya cinye Ijaye a 1862. Yaƙin basasar Amurka ya tsinke kuɗin mishan, Turawan suka watse, har aka yi shekaru babu ko ɗaya. Ikilisiyar ba ta mutu ba. Wata mace, Sarah Harden, da wani saurayi da aka tsamo daga yaƙin Ijaye, Moses Ladejo Stone, suna cikin waɗanda suka riƙe masu bi a Legas har W. J. David ya iso a 1875. Mutanen da suka saba riƙe kansu ba sa daɗewa suna karɓar umarni. A 1888 saɓani ya tashi tsakanin David da Stone, akasarin jama'ar suka fice suka kafa tasu ikilisiyar ta 'yan ƙasa. A 1914 aka dawo inuwa ɗaya a Ibadan, Mojola Agbebi ya zama shugaba, a 1919 ƙungiyar ta ɗauki sunan Najeriya baki ɗaya. Tun daga wannan zamani ɗan Baptis na Ogbomosho ko Shaki ya tashi da sanin cewa coci nasa ne, ba na Bature ba, kuma in ya yi ƙaura zai iya tafiya da shi.

Ƙaura kuwa sun yi ta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913. Bayan cin Sakkwato a 1903 Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, don haka gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar Turawan mishan cikin masarautu. Amma wa zai hana akawun jirgi ko tela ko mai sayar da atamfa yin addu'a a ɗakinsa ranar Lahadi? Ta wannan ƙofa cocin Baptis ya shiga Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya da Jos da Kano, shekaru da dama kafin Baturen Baptis ya tare a arewa. Mutum biyar ko goma 'yan gari ɗaya su haɗu, wanda ya iya karatu ya buɗe Littafi, a yi karo-karo a sayi fili, in an yi ƙarfi a aika gida a turo fasto. Haka suka yi a Tamale da Kumasi, haka a Lome da Abijan da Yamai, haka kuma a Dahomey, wato Benin ta yau. Mishan ɗin Baptis na kudancin ƙasar Amurka bai buɗe aiki a Dahomey ba sai a 1970, ya tarar Yarabawa sun riga shi.

Aikin wannan coci bai tsaya ga sujadar Lahadi ba. Sabon zuwa daga Ogbomosho, da ya sauka tasha, coci yake tambaya. A nan zai sami wurin shimfiɗa tabarma, a nan za a haɗa shi da wanda zai ba shi kaya bashi, a nan matarsa za ta shiga adashi. In rikici ya tashi tsakanin abokan ciniki, dattawan ikilisiya su sasanta kafin maganar ta kai gaban alƙali. In mutum ya mutu ba dangi kusa, coci ya yi masa sutura, ya aika labari gida. Duk wanda ya tashi a Zango ya ga Sarkin Zango da liman da mai masauki suna wannan aikin, ya kuma ji ana shela bayan sallar asuba cewa an yi rasuwar baƙo, a taimaka da kuɗin likkafani.

Sai dai wannan ƙarfi yana ɗauke da rauninsa. Cocin da ake wa'azi da Yarbanci, ake waƙa da Yarbanci, ake lissafin baiko da Yarbanci, ɗan gari zai wuce ta ƙofarsa shekara arba'in bai ji an kira shi ba. Gana ce ta nuna haka ƙarara. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Mutanen zangunan Kumasi da Akara ba su manta ba, domin Hausawa na cikin waɗanda aka loda a manyan motoci, da yawa ta Lome da Kwatano suka ratso. Yarabawa ma haka. Cocin Baptis masu yawa a Gana suka wayi gari da kujeru babu mutane. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. 'Yan ƙasar ƙalilan da suka rage su suka sake ɗaga ɗarikar da harsunansu, kuma daga nan ne ta yi saiwa a Gana.

A Benin hanya ta fi ƙunci. Katolika sun sauka Wida tun 1861, Metodis sun riga su, cocin Seleste na masu fararen riguna an haife shi a Porto-Novo a 1947 ta hannun Samuel Oshoffa, arewa kuma mishan ɗin SIM ya shige ta a shekarun 1940. Shekara biyu da zuwan mishan ɗin Baptis, Mathieu Kérékou ya yi juyin mulki a Oktoban 1972, a 1974 ya rungumi aƙidar gurguzu, gwamnati ta karɓe makarantun addini, ta sa wa masu wa'azi ido. Sai bayan taron ƙasa na Fabrairun 1990, wanda Bishop Isidore de Souza ya shugabanta, aka sami sarari. Ƙidayar 2013 ta nuna Musulmi sun kusa kashi 28 cikin 100, Katolika sun ɗan haura 25, 'yan Baptis kuwa na cikin ƙananan rukunai. Ƙaramar jama'a ce a ƙasar da masallaci da coci da ɗakin bautar gargajiya ta Vodun ke iya haɗa katanga, kuma ƙanƙantar ta koya mata zama da maƙwabci.

A arewacin Najeriya ne cocin fatake ya rikiɗe ya zama cocin ƙauye, kuma harshen Hausa ne ya yi wannan aiki. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gaba tare da mataimakansa Hausawa. A ƙarshen shekarun 1940 aka buɗe makarantar horar da fastocin Baptis a Kawo, Kaduna, inda ake koyarwa da Hausa. Samarin da suka fito daga Kawo ba 'ya'yan attajirai ba ne. Manoma ne daga ƙasar Gbagyi da kudancin Zariya da Filato da kewayen Kwantagora, inda ɗarikar ta gina asibiti. Suka koma karkara da keke da Littafi da littafin waƙoƙi. A ƙauyen da ake yaruka biyu ko uku, Hausa ce ta haɗa su a benci ɗaya. Shi ya sa in ka bi allunan da ke bakin hanya za ka ga sunaye irin su Alheri da Nasara da Haske da Bege, ƙarƙashinsu an rubuta Baptis. A Nijar ma, 'yan mishan ɗin Baptis na kudancin ƙasar Amurka sun sauka Maraɗi a lokacin babban farin shekarun 1970, hatsi da magani suka fara rabawa, a yankin da SIM ta daɗe tana aiki a Tsibiri da Danja da Galmi.

Ga yadda irin wannan coci yake rayuwa. Ginin ƙasa ne da jama'a suka kwaɓa da ƙafafunsu a rani, daga baya aka yi masa kwano, ƙararrawarsa kuwa sau da yawa tsohon wilin mota ne rataye a reshe. Babu bishop a samansa. Wannan ita ce ƙa'idar da ta bambanta Baptis da Katolika da Angilika: kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta. Ita ke kiran fasto, ita ke biyansa, ita ke sallamarsa in ta ga dama. Ana zama taron ikilisiya bayan sujada, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har kuɗin kananzir, a ɗaga hannu a ƙirga. Tsohuwar da ba ta san bihim ba tana da hannu ɗaya, mai digirin da ya zo hutu daga birni shi ma hannu ɗaya. Ikilisiyoyin yanki kan haɗu su yi ƙungiya, su aika wani kaso na kuɗinsu ga babban taro na ƙasa, amma shawara ake ba su, ba umarni ba. Ni dai ina ganin a ƙauyuka da yawa nan ne wuri na farko da talaka ya ga an karanta lissafin kuɗin jama'a a bainar jama'a, ya kuma tambayi inda ragowar ta shiga ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba.

Baba Fasto, kamar yadda suke kiransa, manomi ne shi ma. Albashinsa rabi kuɗi ne rabi damman dawa. Akwai gonar coci da ake nomawa da gayya, abin da aka girbe a zuba a rumbu domin baƙi da gwauraye da ranar da wani zai kwanta asibiti. Da kaka a yi godiya, kowa ya kawo doya ko masara ko zakara, a yi gwanjo a farfajiya, da kuɗin a sayi kwano ko siminti. Baftisma sai an nitsar da mutum gaba ɗaya, don haka akan jira rafi ya kawo ruwa, a tafi da waƙa da ganga, duk ƙauyen na kallo daga gaɓa. Matan zumunta kuwa su ne ƙashin bayan komai. Ƙungiyar matan Baptis ta Najeriya tun 1919 take, kuma a ƙauye aikinta a fili yake: su ke kai wa maijego itace da sabulu, su ke kwana gidan makoki, su ke sanin gidan da tukunya ba ta hau wuta ba kwana biyu. Matar fasto, Mama, ita ce ungozoma a wani wurin, ita ce malamar ɗinki a wani.

Sai karatu. Ɗarikar da ta ce kowa ya karanta Littafi da kansa dole ta koya wa mutane baƙaƙe. Kafin gwamnati ta kawo yaƙi da jahilci wasu ƙauyukan, ajin mai neman baftisma ya riga ya koya wa manoma haɗa baƙi da wasali. Ɗakin sujada ranar Lahadi shi ne ajin firamare ranar Litinin. Daga irin waɗannan azuzuwa aka sami malamai da ma'aikatan jinya da sojoji, aka kuma gina manyan makarantu kamar ta Baptis da ke Jos da kwalejin Minna, kafin gwamnatocin jihohi su karɓe yawancin makarantun mishan a shekarun 1970.

Ba duka ne alheri ba, kuma masu cocin sun fi kowa sani. Dokar mace ɗaya ta sa magidanta masu mata biyu ko uku sun tsufa a bencin baya ba a ba su Jibin Ubangiji ba, wasu gidajen kuma sun rabu, mata da 'ya'ya suka sha wahalar da ba su suka jawo ta ba. Hana burkutu ya raba masu bi da danginsu a wurin gayya da biki, musamman a ƙauyukan Maguzawa. 'Yancin kai da nake yabo shi ne kuma ke sa gida biyu masu faɗa a kan iyakar gona su raba coci biyu, ƙauyen da bai iya ciyar da fasto ɗaya ba ya koma yana da biyu. Fasto mai faɗin gaskiya ga wanda ya fi kowa zuba baiko yana iya rasa aikinsa a taro guda. Duk da haka, in aka auna, cocin da jama'a ke iya korar shugabansa ya fi mini wanda shugaba ke korar jama'a.

Abin da ke kashe ƙaramin coci yau ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. A ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna, 'yan bindiga sun afka wa cocin Haske Baptis da ke Manini ana tsakiyar sujada a Afrilun 2021. Ranar 5 ga Yulin shekarar suka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptis da ke kan hanyar Kachiya. Ranar 31 ga Oktoba suka shiga cocin Emmanuel Baptis na Kakau Daji suka tafi da masu sujada fiye da 60. A Mayun 2023 sai cocin Bege Baptis na Madala. Masu wannan ta'asa ba su bar Musulmi ba: a Mayun 2021 sun kwashe yara fiye da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, a Oktoban shekarar kuma suka harbe masallata da asuba a Maza-Kuka ta jihar Neja. Duk inda talakawan ƙauye ke taruwa a lokaci sananne, ba mai gadi, nan suke nufa. Wutar ta leƙo arewacin Benin ma, wajen dajin W da Pendjari, a kan hanyar da fataken goro suka bi.

Ka tuna cocin nan ba shi da bishop mai baitulmali a birni. In an sace mutum goma, kuɗin fansa daga rumbun nan zai fito, da shanun huɗa, da babur, daga ƙarshe da gonar kanta. Ikilisiyoyin birni na yin karo-karo, babban taron ƙasa na taimakawa, amma nauyin farko a wuyan manomin yake. In abin ya maimaitu, sai ƙauyen ya tashi. Mutanen su tare a gefen Kaduna, a Sabon Tasha da Maraban Rido da Gonin Gora, su kama hayar ɗaki ɗaya, mai gona ya koma ɗan acaba ko lebura. Fasto ya bi su, ya riƙa zagayawa gida-gida yana neman tumakinsa. Su nemi aron aji a wata makaranta ranar Lahadi, su zaɓi sabon ma'aji, matan zumunta su sake buɗe adashi da abin da ya sawwaƙa, kuma a taron ikilisiya maganar da ta fi cin lokaci ita ce ko za a iya komawa a yi shuka bana, da wanda zai fara zuwa ya dubo hanya.